Gishirin Raƙumi da Kwanon Iya Sikiru

Damina ce, irin daminar Legas da in ta fara ba ta san tsayawa ba. A shekarar nan ruwa ya yi ta zuba har kwatar bayan gidanmu a Zangon Agege ta cika ta shigo tsakar gida, kayan shanya suka yi ta warin danshi, manya suna ta mita. Mu yara kuwa shekarar daɗi ce. Sabuwar masara ta cika kasuwa, wutar lantarki ba ta zama, saboda haka babu zuwa leƙen talabijin a tagar maƙwabta. Da an idar da sallar magariba sai mu taru a baranda wurin Kaka.

Kaka mahaifiyar Babanmu ce. A Agege aka haife ta, mahaifinta bafataken goro ne da ya zo daga Arewa ya zauna. Hausarta tas take, amma in ranta ya ɓaci da Yarabanci take faɗa, wai ya fi saurin shiga kunnen yaro. Tana da kurfoti ƙarami da take zuba wa gawayi, ta jera masara a kai, tana fifita da murfin kwano. Ruwa na dukan kwanon rufi, jirgin ƙasa ya wuce ya girgiza gidan, mu kuma mun zuba wa masarar nan ido.

Babanmu direban tanka ne. Yakan yi kwanaki a layin motocin Apapa, kuma ranar da ya samu dawowa gida ba ya shigowa hannu wofi. Tsire yake kawo wa mahaifiyarsa, a naɗe a takarda, an barbaɗe shi da yaji da gishiri, da lemon kwalba mai sanyi. Zai durƙusa ya ajiye a gabanta, kuma ba zai tashi ba sai ya ga ta kai yanka ɗaya baki.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Je ka watsa ruwa, warin mai kake yi."

Da ya juya sai ta raba mana sauran. Mun ɗauka tsabar son jikoki ne.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke farawa. Ita cewa take, "Ga wata baƙuwa nan a bakin ƙofa, ku matsa mata." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma." A cikin baƙin nan nata akwai wadda ta fi yawan zuwa, ita ce ta Raƙumi da Kwaɗo.

Wai akwai wani Raƙumi da yake ɗauko kantun gishiri daga can Arewa mai nisa yana kawowa Kudu. A kan hanyarsa akwai tafki. Wata rana ya zo da ƙishirwa zai tsoma baki, sai wani Kwaɗo ya ce masa, "Malam dogo, kada ka sha ta nan, matsattsaku sun cika wurin. Zagayo ta bayan dutsen can." Raƙumi ya zagaya, ya sha ruwa mai kyau, ya ji daɗi. Ya ce lallai ya yi aboki. Ya duba abin da ya fi daraja a cikin duk abin da yake da shi, bai ga kamar gishirin da ke bayansa ba. Ya gutsuro ɗan kaɗan ya ajiye a gaban Kwaɗo, ya tsaya yana kallo.

"To ku kun san gishiri da fatar kwaɗo," in ji Kaka. "Amma ga baƙo ya tsaya a kanka, wuyan nan zaƙaƙam, yana murmushi. Ya za ka yi?"

Kwaɗo ya lasa. Bakinsa ya ɗauki raɗaɗi, idanunsa suka yo waje. A nan Kaka takan zaro nata idanun, ta kumbura kumatu, mu faɗi ƙasa don dariya. Raƙumi ya ce, "Ya ka ji?" Kwaɗo ya ce, "Kai, ban taɓa cin abu mai daɗi haka ba."

Shi ke nan, ya jawo wa kansa. Duk zuwan da Raƙumi zai yi sai ya gutsuro wanda ya fi na da girma, tunda abokinsa yana so. Kwaɗo ya fara bushewa, fatarsa ta yi kurji-kurji, muryarsa da take zaƙi ta koma irin wadda muke ji yanzu a kwata. Matarsa ta ce, "Maigida, ka faɗa masa mana." Ya ce, "Da wane baki? Mutum ya ɗauko abu tun daga ƙarshen duniya, in ce ba na so?"

Wata rana Raƙumi ya iso bai ga abokinsa a kan dutse ba. Ya yi ta sallama, sai matar ta fito ta riƙe ƙugu. Kaka takan miƙe zaune sosai in ta zo nan, ta sa muryar matan kasuwa: "Kai dogo, saurara. Gishirinka ne ya kwantar min da miji. Kunyarka yake ji, ni kuwa ba na jin ta."

Raƙumi ya durƙusa a bakin tafki. Ya ce, "Gishirina? Kin san kuwa duk kantun da na gutsura sai ubangidana ya zane ni? Dubi bayana, dukan ne ya tara min wannan tozon." Aka fito da Kwaɗo a rirriƙe. Raƙumi ya ce, "To kai me kake so a duniya?" Kwaɗo ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ƙuda." Raƙumi ya kwashe da dariya har kayansa suka karkace. Ya ce, "Ƙuda? Waɗannan da suke bina tun daga gida, na rasa yadda zan yi da su?" Daga ranar, in ya zo sai ya durƙusa ya miƙa wuya, Kwaɗo ya bi shi yana kamawa har ya ƙoshi.

"Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," in ji Kaka. "Ku tashi, an kira isha."

Na girma, na yi aure a nan Agege, na haifi 'ya'yana, har na shiga ajin manya na koyi rubutun da nake yi yanzu. Tatsuniyar nan ta kwanta a wani lungu na kaina, ban ƙara taɓa ta ba sai bara.

Gidan hayar da muke ciki irin wanda ɗaki ke kallon ɗaki ne. Ƙofar da ke kallon tawa ta Iya Sikiru ce, Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwa. Ta girme ni kaɗan. Ita ta riƙe ni a haihuwar autata Sadiya lokacin da maigidana yake kan hanya, ita ta yi ta kwana da ni da Kaka ta rasu. Tun shekarar da muka tare ba a yi yammacin da kwano bai tsallaka tsakanin ƙofofin nan biyu ba. Ni in aika mata tuwo da miyar kuka ko dambu, ita ta kawo min amala da miyar ganye. Kuma ita ba aike take yi ba. Da kanta take kawowa, ta ja kujera ta zauna, tana ba ni labarin kasuwa har in cinye. In na rage, sai ta leƙa kwanon ta ce, "Maman Sadiya, na yi miki laifi ne?"

Miyar Iya Sikiru ba a magana. Manja yana yawo a sama ja wur, ga ganda, ga soyayyen kifi, ga ɗanɗanon da in ya taɓa harshe sai ka lumshe ido.

Bara sai ciwon kai ya sa ni gaba, irin na ƙeya, da jiri in na sunkuya wanki. Sadiya ta matsa min muka je asibitin unguwa. Aka ɗaura min abin nan mai matse hannu, nas ta duba, ta sake dubawa, ta ce hawan jini ne. Aka ba ni magani, aka ce in riƙa sha kullum, sannan ta zaunar da ni ta yi min bayani da haƙuri: in rage gishiri, in rage dunƙulen miya, in rage mai da soye-soye, in yawaita ganye da wake da kayan marmari, in riƙa ɗan tattaki.

A tukunyata abin bai yi wuya sosai ba. Da fari yara sun yi ta tsiya, babban ya ce miyata ta koma ruwan wanke tukunya. Amma na koyi cewa in aka ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi, baki yakan manta da abin da aka rage. A hankali harshena ya saba, har na fara jin zaƙin kabewa da na alayyafo, abin da a da gishiri yake binnewa. Na daina shan shayi da sukari cokali-cokali. Na koma saukowa daga danfo, motar hayarmu ta Legas, kafin tashar gidanmu in ƙarasa da ƙafa.

Kwanon Iya Sikiru ne kawai na kasa. Kullum in ce yau zan faɗa mata. Sai ta shigo da fara'arta, tana cewa, "Ore mi, ƙawata, yau na samo gandar da za ki manta sunanki." Ta buɗe kwanon, ta zauna. Ni kuma in wanke hannu in ci, in ce ya yi daɗi. Kuma ba ƙarya nake ba, daɗin yana nan. Sai dai in na kwanta, ƙeyata ta riƙa bugawa.

Da na koma asibiti, nas ta sake auna ni.

"Mama, ya sauka, amma bai kai inda nake so ba. Kina shan maganin?"

"Ina sha."

"Gishirin fa?"

"Na rage a nawa girkin."

Ta ajiye abin awon ta dube ni. "A naki girkin. To girkin wa kuma kike ci?"

Na yi dariyar kunya na ba ta labari. Ita ma ta yi dariya, amma da ta gama sai ta ce, "Mama, jijiyar jini ba ta san kunya ba. In ta gaji, ɓarin jiki ɗaya take kwantarwa. Ƙawar taki ita za ta zo tana juya ki a gado."

A cikin danfo, kwandasta yana ta ihun sunayen tashoshi, sai kawai na ga fuskar Kaka, ta zaro ido ta kumbura kumatu. Na fashe da dariya ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta matsa. Ashe ni ce Kwaɗon. Da girmana, da 'ya'yana, ina zaune ina lasar gishiri ina cewa ban taɓa jin daɗi haka ba.

Sannan wani abu ya faɗo min da ban taɓa lura da shi ba. Kaka ba ta kiran wannan baƙuwar sai ranar da Baba ya dawo da tsire. Kuma ranar takan ɗaga murya fiye da kullum, daidai lokacin da ya fito daga wanka yana zaune a bakin ƙofa. Ƙafafunta suna kumbura tun a lokacin, kuma na tuna tuwonta dabam ake zuba masa miya. Ba mu take yi wa tatsuniyar ba. Ɗanta take yi wa. Shi kuwa Baba, Allah ya jiƙansa, ya fi kowa dariyar Kwaɗo. Yakan ce, "Wannan wawa ne, ya faɗa mana!" Har Kaka ta bar duniya bai daina kawo tsiren nan ba, ita kuma ba ta daina kai yanka ɗaya baki ba.

Muna yara mun ɗauka labarin yana koya mana kada mu zama wawaye irin Kwaɗo. A danfon nan na gane cewa wadda ta ceci rai a labarin ita ce matar da ta riƙe ƙugu. Kaka ta iya ba da labari, amma ba ta samu mai riƙe mata ƙugu ba. Ni kuma in ban riƙe wa kaina ba, babu mai yi min.

Da yamma Iya Sikiru ta shigo da kwano kamar kullum. Na bari ta zauna.

"Iya, kafin ki buɗe, akwai magana."

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Ni ce ba na so in mutu."

Na faɗa mata komai, da ciwon kan, da asibiti, da abin da aka hana ni. Tana ji tana gyaɗa kai, har da "Pele, sannu." Sai ta tambaya, "Yaushe suka faɗa miki?"

"Tun kafin azumi."

Fuskarta ta canza. "Azumin da ya wuce? Wanda muka yi sallarsa har ɗinkin ya fara koɗewa?"

Na sunkuyar da kai.

"Maman Sadiya! Kin san daga ina nake ɗebo miki miya? Daga saman tukunya, inda man ya taru. Baban Sikiru kansa ba ya samun wurin nan. Ni nawa daga ƙasa nake ɗiba, ganye zalla, don mai yana sa ni ƙwannafi. In na zuba naki a kwano har rabin dunƙule nake ƙara murmushewa, don kada ki ce Bayarabiya ta yi miki rowa. Duk watannin nan ina zaune a kujerar nan, ina kallon ki kina cin abin da zai kashe ki, da hannuna na dafa, kina ce min ya yi daɗi?"

"Kunyarki na ji, Iya."

"Kunya? In kin faɗi a banɗaki, ni za a ce na yi me? Ki ji kunyar baƙo. Ni baƙuwa ce?"

Ta juya Yarabanci, ta yi wanda na gane da wanda ban gane ba. Ta ɗauki kwanonta a rufe yadda ta kawo shi, ta tsallaka, ta turo ƙofa. Sadiya ta kai mata dambun da na yi, ta dawo da shi. Wai an ce an ƙoshi.

A tatsuniya Raƙumi nan take ya yi dariya. Kaka ba ta faɗa mana cewa mutum yakan fara jin ciwo tukuna ba. Na zauna a bakin gado ina duban dambun nan. Na yi zaton abin da zai ɓata mata rai shi ne in ƙi abincinta. Ashe abin da ya soke ta shi ne na bar ta tana cutar da ni ba ta sani ba. Duk shirun da na yi ina ganin ita nake tausayawa, kaina nake sauƙaƙa wa. Na yi isha, na jiƙa wake, na kwanta.

Da safe bayan yara sun fita na wanke waken, na kai aka markaɗa, na yi alale da ɗan mai kaɗan, da albasa da attaruhu da citta da busasshen kifi, gishirin kuwa ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Na zuba a kwano na tsallaka. Na same ta a bakin ƙofarta da faranti a cinya, tana tsinkar ganyen lalo. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ajiye kwanon a gabanta, na tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Irin abincin da nake ci yanzu. Ki ɗanɗana, kuma ki faɗa min gaskiya. Ni ma in ji yadda take."

Ta harare ni, ta gutsura ta kai baki. Ta tauna a hankali.

"Wannan ai abincin masu laifi ne," in ji ta. "Gishirin tsoro ya ji ya gudu?"

Ta sake gutsura. Ta sake. Ina tsaye har ta ga ƙasan kwanon, ta suɗe yatsa.

"Citta ta yi yawa," ta ce. Sannan ta turo min farantin lalon da ƙafa. "Zauna ki tsinka. Yau ke za ki tsaya a kan tukunyata ki nuna min iya gishirin da likitocinki suka yarda. Naki kuma daga ƙasa zan ɗebo, inda nake ɗibar nawa. In 'yan gidan nan suka ga kwano ba mai suka ce Iya Sikiru ta talauce, ke za ki fita ki ba su amsa."

"Zan ba su."

"Da wannan muryar taki da ko kaza ba ta kora?"

Na jawo 'yar kujera na zauna kusa da ita, na ɗauki reshen lalo na fara tsinka.